Lasifikar Hagu

Yana cikin mayar wa lasifika ta biyu rigarta, ƙananan ƙusoshi uku a bakinsa, sai ya ji an ƙwanƙwasa teburin da ke kusa da shi.

"Sau biyu na yi sallama, Malam," in ji Likita.

"Fankar nan ce, ta cika surutu," ya ce, bayan ya tofar da ƙusoshin a tafin hannunsa. Ya kashe fankar, wadda ba ta yi laifin komai ba.

A layin masu gyara Kunne ake ce masa, kuma ba a banza ba. Shekara talatin da wani abu yana wannan shago, bai taɓa sallamar aiki da mitar awon wuta ba. Mita ta masu koyo ce, in ji shi. Shi faifai yake sawa, ya rufe ido, ya gaya maka inda ciwon yake.

Lasifikokin Likita irin na da ne, tsayinsu ya kai ƙofa, kaurinsu bai wuce allo ba. Babu akwati. Wata leda ce mai laushi aka ja a kan jerin maganaɗisu, aka manna mata siraran wayoyi daga sama har ƙasa. Da aka kawo su gam ɗin ya bushe, wayoyin sun ɗaga, suna zizar ƙuda a kwalba. Mako uku ya yi a sunkuye yana kankarewa yana mannawa, waya bayan waya, har bayansa ya fara ƙorafi. A gefen kowace kuma akwai dogon zirin alminiyam, wanda ya fi takardar alewa laushi. Shi ke ba da siririn sauti. Kamfanin ya daina yin sa tun kafin Kunne ya fara furfura.

Lasifikokin na mijin Likita ne. Wata huɗu ke nan yana kwance, ɓarin jiki ya shanye, magana ta tafi, amma in aka sa kiɗa yakan motsa yatsa. Gobe za a sallamo shi, tana so ya tarar da su a ɗakinsa.

Kunne ya ja mata kujera zuwa tsakiya, daidai inda ya yi alama da fenti a ƙasa. Ya ɗora faifan da ta zo da shi, ya tsaya a gefe ya harɗe hannu. Sauti ya cika shagon, faffaɗa, babu ziza ko ɗaya. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya fara shirya abin da zai ce idan ta yaba.

Ba ta yaba ba. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta tashi ta kai kunnenta jikin ta hagun.

"Malam, wannan kamar an rufe ta da bargo."

"Sabon gam ne. Sai ya kwana biyu yake sakewa."

"A'a. Akwai 'yar ƙararrawa a wurin nan, bayan mai waƙar ta ja numfashi. A ta dama ina jin ta. A nan babu."

Ya mayar da allurar faifan baya. Mai waƙar ta ja numfashi. Ya saurara da dukan abin da Allah ya ba shi, bai ji ƙararrawa a hagu ba. Ya matsa dama, nan ma bai ji ba.

Ba yau ya fara zargi ba. Ya lura tsuntsayen bayan shago sun yi shiru bana, jikokinsa kuma duk sun koyi magana ciki-ciki. Amma wanzami ba ya son jarfa, kullum sai ya sami wanda zai ɗora wa laifi.

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko mitar, ya hure ƙurar da ke kanta. Ya taɓa bakin zirin hagu. Allurar mitar ba ta motsa ba. Da ya haska tocila sai ga shi, ya tsinke kusa da sama, wataƙila tun ranar da ya kwantar da ita iska ta bugo ƙofa. Tun daga ranar ya yi gwaji da kunne sau biyar, kowane ya ce lafiya lau.

"Za a samu wani?" ta tambaya.

Ya kira mutum huɗu tana zaune. Mai tsofaffin kaya na bakin tasha ya yi dariya, ya ce ya nemi ƙahon zomo ya fi sauƙi. Biyu ba su ma san abin ba. Na huɗun ya ce akwai wani a ƙetare, sai dai wata biyu, kuma bai yi alkawarin zai iso da rai ba.

Kunne ya ajiye wayar. Zai iya cewa da ma haka aka kawo ta, ba mai ƙaryata shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Likita, a hannuna ya tsinke. Kuma ban ji ba." Ya dubi lasifikar dama. "Ƙararrawar nan, ko a ta dama ba na jin ta."

Ta dube shi irin duban da ta saba yi wa marasa lafiya, ba tsana, ba lallashi. "Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Ki turo mota gobe da safe, za su tashi."

Ya rufe shago tun rana ba ta yi sanyi ba, ya hau bas da sukudireba a aljihu. A falonsa akwai irin lasifikokin Likita guda biyu, waɗanda ya haɗa da hannunsa daga gawar wasu huɗu. Kowace yamma shi da matarsa sukan zauna gabansu, ita tana ɗinki, shi yana gaya mata abin da ya kamata ta ji.

Ta fito daga kicin ta tarar da shi a durƙushe gaban ta hagu, yana kwance ƙusoshin ƙasa.

"Baban 'yan biyu, lafiya?"

Ya gaya mata komai bai ɗago ba, har da ƙararrawar. Kunya ta ishe shi, ya gwammace ya yi wa katako bayani. "Zan cire zirin wannan in sa mata," ya ce. "Ni dai ba amfanin da yake mini yanzu. Ke ce zan rage wa, ki yi haƙuri."

Ta goge hannunta a zane, ta zo ta durƙusa kusa da shi, ta karɓi ƙusoshin don kada su ɓace. Sannan ta matso da bakinta kusa da kunnensa, ta yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya.

"Na dama za ka cire. Na hagun nan ya mutu tun bara."