Sunan da Manzo Bai Faɗa Ba

Ni dai Allah ya sani ba na son ranar ɗaukar ma'aikata. Mutum ya zo da yunwarsa da rigar aro, kai kuma kana zaune kana taɓa shi kamar rago a kasuwar Tawa. To amma ni ce sakatariyar buron, wato ofishinmu, kuma shugabanmu Mushe Yunusu (Mushe shi ne Malam a Faransanci) ya ce dole in zauna kusa da shi, tunda ni 'yar Kalfu ce, na san mutanen karkara. Shi a Yamai ya tashi. Mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da gaggawa.

Ƙungiyarmu rijiyoyi take haƙawa a arewacin Adar, kuma ranar nan babban mahaƙi muke nema, wanda zai shugabanci masu shiga rami. Kafin a kira na ƙarshe, Mushe ya karkato ya ce mini, "Shamsiya, wannan na tambayi tsohon ubangidansa. Ya ce gwani ne, amma gudu ya yi ya bar aiki a tsakiya, ko sallama babu. Ni ba zan ba maguji ran mutane ba."

Sai ga dattijo ya shigo, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Manzo sunansa, daga wani ƙauye bayan Bambeye. Ya zauna a bakin kujera, ya ɗora hannayensa a gwiwa, duk sun tsattsage. Mushe ya yi masa tambayoyin ƙasa da dutse da zoben siminti, yana amsawa a taƙaice. Ya tambaye shi iyali, ya ce akwai tsohuwa, da wata yarinya mai goyo, kuma rumbu ya kusa kai ƙasa. Kowa ya san abin da hakan ke nufi tun damina ba ta faɗi ba.

"To Baba, me ya raba ka da wancan aikin?"

Manzo ya dubi ƙasa. "Ƙaddara ce, ranka ya daɗe."

"Ƙaddara kowa na da ita. An ce mini tafiya ka yi ba ka sallami kowa ba."

"An faɗi gaskiya."

"Saboda me?"

Can Manzo ya ce, "Bango ya rufta ma wani yaro a cikin rijiyar. Muka fiddo shi, muka yi mashi sutura. Da aka yi sadakar uku, mai aiki ya ce a koma ramin nan. Ni kuwa ƙafata ta ƙi."

Mushe ya yi masa ta'aziyya, har ga Allah da zuciya ɗaya. Amma bai tsaya nan ba. "Sauran ai sun koma, Baba. Kai ne babba, kai ya kamata ka riƙe su. In haka ta faru a wurinmu, Allah ya kiyaye, kai ma sai ka ɗauki jakarka? Wane ne yaron? Ba ni sunansa, in bincika yadda abin ya faru."

"Wani yaro ne na wajenmu."

"Sunansa nake tambaya."

Sai kawai dattijon ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce, "Allah shi ba ku wanda ya fi ni," ya nufi takalmansa.

Wallahi sai a nan na gane. Ni 'yar fari ce. Har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai dai "ke" ko "waccan". A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna shi, ko yabonsa aka yi sai ya kau da kai. Kunya ce, ba ƙi ba. Haushin Mushe ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni da ban gane tun da wuri ba.

Na ce, "Baba, dakata. Yarinyar nan mai goyo da ke gidanka, matar yaron ce?"

Ya tsaya, bai juyo ba. Ya gyaɗa kai.

"Na farin ne?"

Ya sake gyaɗa kai.

Mushe ya dube ni, na ce masa da Faransanci, a hankali, yaron da ya rasu ɗan dattijon ne. Alƙalami ya faɗi daga hannun Mushe. Ya tashi da kansa ya kamo hannun dattijon ya maido shi kujera, yana ta cewa a gafarce shi, bai sani ba. Manzo ya ce ba komai, mai tambaya ba ya laifi.

Da aka natsu Mushe ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, abu ɗaya ya rage, kuma dole in tambaya. Za ka iya shiga rami kuma?"

"Wancan ramin ne ba ni iyawa. Wani kam ina shiga. Kuma in kun ɗauke ni, ɗan kowa ba shi sauka sai na riga shi na taɓa bangon da hannuna."

Mushe ya ce ya zo ranar Litinin da kayansa, mota za ta tafi arewa.

Na raka shi har ƙofar gida don in tsayar masa da kabu-kabu. Ban san abin da ya ja bakina ba, na ce, "Baba, Allah ya ji ƙansa. Yadda ka riƙe kunyarsa har yau, Allah ya ba ka lada."

Ya gyara hularsa, yana kallon titi.

"Ban riƙe ba, ɗiyata. Ranar nan na karya ta. Na kwanta a bakin rijiya, gaban mutane duka, na yi ta kiran sunan nan har muryata ta dushe. Bai amsa ba. Ina ta tunani, ko bai gane ni ne ba. Bai taɓa jin shi a bakina ba."