Jadawalin Shara Mai Suna Biyu

Ajin da aka ba ni a shekarar nan yana da ɗalibai talatin da takwas, da tsintsiya huɗu, da fanka biyu masu aiki, abin da ba kowane aji ke da shi ba a makarantarmu. Monita ne ba su da shi, don an yi wa mahaifin tsohon monitan canjin wurin aiki, sun tashi. Na ce su zaɓi wani.

Mutum biyu suka tsaya. Akwai yarinyar da suke kira Agogo, saboda ba ta taɓa makara ba, da yaron da suke kira Lauya, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya kawo maka hujja. Kowa ya rubuta suna a 'yar takarda, ya naɗe, ya jefa a kwalin alli. Lauya ya samu ashirin da huɗu, Agogo goma sha huɗu. Na taya shi murna, na tuna masa cewa aikinsa na farko shi ne jadawalin shara.

Shara ba abin wasa ba ce a wurinmu. Duk Juma'a shugabar tsafta ta majalisar ɗalibai tana zagaya azuzuwa tana ba da maki, ajin da ya zo na ƙarshe sau uku a jere kuwa sai ya koma ɗakin ƙarshen baranda, wanda ya haɗa bango da banɗaki, fankarsa kuma ado ce kawai. Shugaban makaranta ya riga ya gargaɗe mu malamai kada mu sa hannu a harkar majalisa sai in an kai ga dambe.

Ran Litinin na tarar da jadawali manne a bayan ƙofa, an ja layuka da rula tsaf, har da jan biro. Suna biyu ne a ciki daga Litinin zuwa Juma'a: Agogo da ƙawarta ta benci ɗaya. Na ɗauka bai gama rubutawa ba ne. Kwana uku yaran nan biyu suna share aji, a na huɗu suka ɗora mini tsintsiya huɗun a kan tebur, suka koma suka zauna.

Na kira Lauya ofishin malamai. Sai da na ba shi kujera na ce ba dukansa zan yi ba, sannan ya warware mini. Ashe kafin zaɓe ya bi 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kowa alkawarin cewa wanda ya zaɓe shi ya huta da shara. A lissafinsa ƙuri'a ashirin zai samu, sauran su yi ta sharar. Da ya zauna rubuta jadawali, mutum talatin da biyar suka zo, kowa yana rantsuwa shi ya zaɓa.

"Ƙuri'arka ashirin da huɗu ce," na ce.

"Na sani, Malama. To ta yaya zan gane maƙaryatan? Ke kika ce a naɗe takarda."

Na ɗan rufe ido na ƙirga zuwa goma, sannan na tambaye shi abin da zai yi. Ya ce zai kafa kwamiti.

Ya kuwa kafa. Kwamitin ya zauna sau biyu lokacin tara, ya tashi ya bar ɓawon lemu da ledar biskit a inda ya zauna. Juma'ar farko muka zo na ƙarshe. A mako na biyu fiƙar fensir ta taru a ƙarƙashin benci, takardun da aka dunƙule suka cika bayan ƙofa, malamin lissafi ya tambaye ni a gaban mutane ko kiwon kaji muka fara. Ni da nake jera allina bisa tsawo, sai da na riƙa ɗage bakin zanena kafin in isa allo. Sau uku hannuna yana kaiwa ga tsintsiya, ina tuna gargaɗin shugaba ina janyewa.

Duk da haka Lauya bai damu ba, sai daga baya na gane dalili: shugabar tsaftar yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Juma'a ta biyu ya tare ta a bakin ƙofa yana murmushi, yana ce mata Yaya. Ta bi ta gefensa ta shiga, ta sa ƙafa ta ture tulin takarda, ta rubuta abin da za ta rubuta.

"A gida ma kwanon da ka ci abinci ni kake bar wa," ta ce. "Saura ɗaya."

Ran Litinin Lauya ya zo da wuri ya gwada sharar shi kaɗai. Bai yayyafa ruwa ba, ya kuma faro daga bakin ƙofa yana turawa ciki, ƙura ta tashi ta sauka a kan benci da littattafai. Na koyar da darasin farko ina atishawa. Da ya roƙi a taimaka masa, 'yan bencin baya suka riƙa buga tebur suna cewa alkawari, alkawari.

Ran Alhamis ya nemi in ba shi minti biyar daga darasina. Ya tsaya a gaban allo, ba hujja ko ɗaya a bakinsa. Ya ce ya janye alkawarin, wanda zai zage shi ya zage shi, ga sabon jadawali da sunan kowa, nasa kuma kullum har ƙarshen zango. Aka yi ta tsaki. Wani ya ce a sake zaɓe. Agogo ta ce ita ba ta son kujerar yanzu, wanda ya ɓata ya gyara, amma a rubuta cewa ita da ƙawarta suna bin aji hutun kwana uku. Ya rubuta.

Mutum tara suka tsaya bayan an tashi. Sun yi ƙoƙari, har tagogi suka goge. Amma dattin mako biyu ba ya fita a yini ɗaya, ran Juma'a kuma yayar har ƙarƙashin benci ta leƙa, ta ga cingam jere. Da maki biyu aka fi mu, muka zo na ƙarshe karo na uku.

Ran Litinin muka kwashe kayanmu, 'yan ajin da suka gaje mu suna tsaye a baranda suna yi mana sannu da hijira. Na ɗauki kwalin alli na wuce gaba. Kafin ƙarfe goma kowa ya mai da littafinsa mafici, ba wanda ya ƙara ambatar alkawari.

Da aka tashi na dawo ɗaukar jakata, na tarar da Lauya da mutum bakwai da sharar ranar ta faɗa musu. Ya yayyafa ruwa, ya faro daga bayan aji. Na tambaye shi ko kwamiti ya amince da wannan. Bai yi dariya ba. Ya ce shi da ya ɗauka kyauta yake rabawa, bai san aikin wasu yake ɗora wa wasu ba.

Ya gane cewa in ka ɗauke wa mutum shara, dattin yana nan, wani ne zai duƙa ya share.