Lafiyar Akwati

Shekara goma sha ɗaya Bunu ya yi yana karanta ma'aunin ruwa kafin a kawo akwati. Ma'aunin wani dogon ƙarfe ne mai lambobi, an kafa shi a bakin kogi, a wani tudu can bayan Kirikasamma. Kullum da safe sai ya duba inda ruwa ya kai ya rubuta, ranar kasuwa wani ma'aikaci ya zo a kan babur daga Haɗejiya ya kwafa, su sha fura, ya koma. Sauran yini Bunu yana kamun kifi, matarsa Zainaba tana banda.

Wanda ya kawo akwatin Iliya ne, wani dogon mutumin kudancin Kaduna mai yawan dariya, injiniyan ofishin lura da ruwa. Ya ce ƙaramar kwamfuta ce a ciki. Ya ɗaure ta a jikin turke, ya sa mata farantin sola da eriya, ya zura bututu cikin kogi. Irinsu shida ya kafa, daga wajen Kafin Hausa har gefen Birniwa, dukkansu suna magana ta rediyo da uwarsu, babbar kwamfutar da ke ofis a Haɗejiya. Daga kan kujerarsa yana ganin tsayin ruwa da ƙarfin batir, yana iya gyara musu agogo ko ya ba su umarni ba tare da ya taka ko'ina ba. Tun daga nan mai babur ya daina zuwa.

Aikin da ya rage wa Bunu shi ne ya goge farantin, ya cire ciyawar kacalla daga bakin bututu, sannan ya danna wani jan maɓalli. Da ya danna, sai kalma ɗaya ta fito a allon ofis kusa da sunan tashar: LAFIYA. Iliya ne ya zaɓi kalmar, don masinja ma ya iya karantawa.

"Wato ni zan riƙa yi masa wanka, shi yana kai rahotona?" in ji Bunu.

"Baba, ai gulma ce sana'arsa," in ji Iliya. "Don ita gwamnati ta saye shi."

A daminar 1996 'yarsu Gambo ta haihu da ƙyar a Haɗejiya, aka aiko Zainaba ta zo wankan jego. Ba ta so tafiya ba, don Malam Bunu yana fama da tari tun bazara, ga shi maƙwabta sun fara tashi daga tudun saboda ruwa. Shi ya tuƙa ta a kwalekwale har bakin hanya.

"Ki je ki kula da yarinya," ya ce. "Ba ga akwati ba? Kullum zan gaishe ki."

Haka kuwa aka yi. Gidan Gambo bai da nisa da ofishin. Da ta gama yi wa mai jego wanka, sai ta yafa mayafi ta tafi. Karatunta na boko bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, amma ta gane kalmar nan ko daga bakin ƙofa.

"Ya Zainaba, saurayinki ya gaishe ki," Iliya yakan ce.

"Kai Iliya, Allah ya shirye ka. Da furfurar tawa?"

Sai ta koma gida da sauƙi a ƙirji, ta ɗora kunun kanwa.

A sati na uku ruwa ya cinye hanya. Ran wata Laraba ta haɗu da Shu'ibu, wani mai fataucin kifi da ya saba saye a wurinsu. Ya ce ya wuce ta gefen tudun jiya, bai ga hayaƙi ba, kwalekwalen Bunu kuma yana ɗaure. Ya yi kira sau biyu, iska ta yi yawa, ya wuce.

"Wataƙila barci yake," in ji shi. "Amma in za ki, akwai jirgin ruwa da zai tashi gobe da hantsi. Daga shi sai wani satin."

Ta ɗaure kayanta tun da yamma, har da maganin tari. Gambo tana kallonta, jariri kuma jikinsa da ɗan zafi. Da safe Zainaba ta ce bari ta biya ofis tukuna. Ba ta sami Iliya ba, ya tafi gyaran akwatin Kafin Hausa. Rifkatu mai buga takardu ce ta juyo mata allon.

"Ga shi nan, Mama. Lafiya. Ƙarfe bakwai daidai ya aiko. Jiya ma bakwai daidai, shekaranjiya ma haka."

Zainaba ta yi murmushi. Mutumin da bai taɓa ɗaura agogo ba, yau shi ne da bakwai daidai. Ta ce a ranta kaɗaici ne ya koya wa tsoho tsari. Ta koma ta kwance ƙunshinta, ta ɗauki jikanta. Jirgi ya tashi ba da ita ba.

Juma'a ta je, lafiya. Asabar ma haka, Lahadi ofis a rufe. Litinin da safe ta je ta gani da idonta.

Litinin ɗin nan bayan azahar Ari ya yi sallama. Abokin kamun kifin Bunu ne tun suna samari. Wandonsa jiƙe har gwiwa. Aka ba shi tabarma ya ƙi zama, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Ya Zainaba, sai haƙuri. Bunu ya riga mu gidan gaskiya. Jiya da safe. Mun kai shi."

"Wane Bunun?" ta ce. "Yau da safe ya gaishe ni."

Ari ya dube ta, ya dubi Gambo. Sannan ya faɗa a hankali. Ran Asabar ya biya tudun ya same shi kwance, ya kwana huɗu ko biyar bai iya tashi ba. Randa ta bushe, ga kogi taku ashirin daga ɗakin. Ya ba shi ruwa, ya zauna da shi, babu wanda zai aika. Bunu ya yi ta tambaya ko jirgin Alhamis ya zo.

Ran sadakar uku Iliya ya zo gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmarta, idonsa jajir. Bayan gaisuwa ya kasa tashi.

"Ya Zainaba, akwai abin da zan faɗa."

Ta ce tana ji.

Ya ce masu gadin wasu tashoshin suna yawan manta danna maɓalli, allo ya nuna babu labari, shugabansa yana faɗa. Sai ya aika wa akwatunan shida umarni daga ofis, kowanne ya riƙa aiko da saƙonsa da kansa ƙarfe bakwai, a danna ko kar a danna. Aikin bai ɗauke shi minti biyar ba.

"To lafiyar wa nake gani?"

"Ta akwatin. Batir da eriya."

"Yaushe ka yi?"

"Talata. Ta satin da ya gabaci tafiyata Kafin Hausa."

Ta lissafa kwanaki a yatsunta.

"Na zo washegari Laraba. Ka ce ya gaishe ni. Na zo Alhamis, ka faɗa. Har ka tafi kana faɗa."

"Bakina ne ya saba," in ji shi. "Wallahi ban haɗa abin biyu a raina ba. Ni injin nake tunani."

Matan da ke zaune suka fara guna-guni, wata ta ce a fitar da shi. Zainaba ta ɗaga hannu suka yi shiru. Ba ta zage shi ba, muryarta ma ba ta tashi ba.

"Kwanan Malam ya ƙare, Iliya. Ko na je ba zan ƙara masa ko wuni ɗaya ba, na sani." Ta gyara mayafinta. "Amma da na je, da ni na ba shi ruwa."

Iliya ya kifa goshinsa a hannu. Ta juya wajen Ari, ta tambaye shi ta wane gefen tudun suka sa shi, ko ruwa zai kai wurin bana.