Saurin da Yaya Ya Saita

Hamman ya ɗan taɓa maus ɗin kawai, sai sojansa na cikin kwamfuta ya juya fir kamar an mare shi, bakin bindiga na kallon sama. Ya sake taɓawa, sojan ya koma kallon takalmansa.

"Ya ka ji ta?" in ji Maikano mai shagon, yana tsaye a kansa yana murmushi. "Tun da hantsi nake saita maka ita. Na kai saurin maus ɗin ƙarshe. Ko ƙuda ne ya sauka a kai sai ta juya."

"Madalla, Yaya. Allah Ya saka da alheri."

To me zai ce? Maikano yayan matarsa Furera ne, auren kuma ko shekara bai rufa ba. Ga shi ya tashi daga kujerarsa mai laushi ya ba shi, ya bar masa sabuwar kwamfutar da ko ƙanin da suke ciki ɗaya ba ya taɓawa, a gaban samarin Tudun Wada da suka cika shagon har bakin ƙofa.

A shekarar 1999 shagon buga takardun Maikano ne kaɗai a garin ke da kwamfuta biyu da aka haɗa da waya, yadda mutum biyu za su shiga wasan harbi ɗaya suna farautar juna. Wani shago a Kano ya shirya gasa, ya ba yankin gurbi ɗaya tak. An yi ta fafatawa har saura su biyu. Hamman kuwa yana son gurbin nan, so ba na wasa ba. Malamin dabbobi ne a Kiru, kuma a tsohuwar kwamfutar ofishinsu ya koyi wasan, bayan an tashi aiki. A ruga ya girma, hannunsa ya saba da sanda, daga kafaɗa yake motsa shi. Don haka yakan rage saurin maus sosai, sai ya share rabin tebur kafin sojan ya juya. Juyin da nauyi, amma in ya ɗora bindiga a kan mutum ba ta gocewa. Maikano kuwa da 'yan yatsu yake wasa, a wurinsa sauri shi ne gata.

Maikano ya zauna a gaban tsohuwar kwamfutar, ya ja maus ɗin, ya yi tsaki.

"Kai, wannan ai jaki ce!"

Ya buɗe wajen saiti ya ƙure saurin. Hamman na kallo ta gefen ido, har ya ga inda ɗan layin saurin yake kafin a ja shi. Daidai inda yake ajiye nasa ne.

Aka fara. A lungu na farko Hamman ya hango surukin nasa ya ba shi baya, sarai, kamar an ajiye masa. Ya kai hannu yadda ya saba, bindiga ta wuce Maikano, ta wuce bango, ta zagayo ta dawo. Kafin ya gane gabas, an kwantar da shi. Shago ya ɗauki ihu.

Ɗanasabe, abokin Hamman da ya goyo shi a babur daga Kiru, ya sunkuyo wajen kunnensa.

"Kai, rage abin nan mana! Ba haka kake wasa ba."

"Yi shiru."

"Danna biyu ne fa, wallahi. Ko in rage maka?"

"Ɗanasabe, mutumin nan ya ce tun hantsi yake saita min. In rage a gaban mutanensa, na ce masa me?"

"Ka ce masa Kano kake so!"

Hamman ya dafe gwiwar hannunsa a tebur, ya riƙe maus ɗin da yatsu uku kamar mai zare ƙaya, ya riƙa lallaɓa shi. Dabarar ta ɗan yi aiki. Ya sami Maikano sau biyu a kan wata gada, har wani dattijo mai sayar da goro da ya leƙo ya ce, "A'a, ashe Bafillacen ma ya iya." Amma da wasa ya yi zafi sai kafaɗa ta tuna aikinta, hannu ya zabura, sojan ya hau juyi a tsakiyar fili kamar ɗan maraƙin da ya tsinke igiya.

Da aka tsaya sallar la'asar shagon ya watse, aka bar kwamfutocin a kunne, janareto na ta gurnani a baya. Hamman ya riga kowa dawowa. Ba kowa sai shi da maus ɗin. Ya tsaya, ya ɗora hannu a kai. Wa zai sani? Sai ya tuna Maikano zai zauna a kujerar nan da yamma ya taɓa, ya ji an rage, ya gane cewa kyautarsa ce aka gyara a ɓoye. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

Zagayen ƙarshe bai daɗe ba. Maikano ya ci, samari suka ɗaga shi sama. Hamman ya miƙa masa hannu biyu, ransa na suya, fuskarsa na murmushi.

Maikano ya rako su har wajen babur, ya sa aka ɗaura musu ƙullin gyaɗa na Furera. Ya dafa kafaɗar Hamman, da gaske tausayinsa yake ji.

"Kana da ido, wallahi kana da ido. Hannunka ne bai saba da kayan kirki ba. Ɗanasabe ya taɓa ce min ta ofishinku sai an ja ta kamar guga."

Ɗanasabe ya kau da kai yana ta faman taka kik ɗin babur.

"Bari in dawo daga Kano," in ji Maikano. "Da kaina zan zo Kiru in saita maka ita irin tawa, ka huta."

Hamman ya gyara zama a bayan babur, ya rungume ƙullin gyaɗar.

"Allah Ya kawo ka lafiya, Yaya."