Ƙasar Gaba Bakwai

Shekara ashirin da 'yan kai Asama'u ta yi tana kitso a tsakar gidanta da ke Fagge, amma ba ta taɓa ganin kawunan mata sun lalace kamar shekarar da aka yi ƙarin albashin Udoji ba. Kuɗi sun shigo hannun ma'aikata, kantunan Bata da na Sabon Gari suka cika da kwalabe masu hoton matan Turawa, kowace mace ta sayo tata. Wasu suka koma miƙar da gashi da wani farin mai mai hawa ka, wasu suka riƙa ɗora hular gashi tun safe har yamma a tsakiyar zafin bazara. In sun zo tsifa sai Asama'u ta tarar da amosani kamar an barbaɗa gari, ga maiƙo, ga ƙuraje a ƙeya. Takan yi faɗanta su yi dariya, bayan sati biyu su dawo da labarin wata sabuwar kwalba.

Kai ɗaya ne ya fita daban, na Uchechi, wata tela da ke Sabon Gari. Haifaffiyar Kano ce, ta tafi kudu lokacin yaƙin basasa, da aka gama ta dawo tare da mijinta da ɗansu Boniface, shi ya sa kowa ke kiranta Maman Boni. Duk wata takan tsallako Fagge a yi mata shuku. Fatar kanta fes take, gashin ga cika ga laushi, kuma in Asama'u ta tsaga shi takan ji wani ƙamshi irin na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ta daɗe tana son ta tambaya, kunya na hana ta. Ran nan dai ta ajiye mataji ta ce, "Maman Boni, don Allah me kike sa wa kan nan?"

Uchechi ta yi dariya ta ce ƙasa ce. Asama'u ta ɗauka ba'a take yi, sai da ta ga ta buɗe jaka ta ciro wani farin dunƙule da bai kai ƙwan kaza ba. Ta ce a garinsu nzu ake kiransa, ana jiƙa shi a shafa a fuska da jiki saboda ƙurajen zafi, ita kuma ta koyi wanke kai da shi a lokacin yaƙi, sa'ad da sabulu ya gagara. Saura ɗan kaɗan gare ta, kuma ba mai zuwa gida sai Kirsimeti, amma ta ɓantari rabi ta ba Asama'u.

Asama'u ta san farar ƙasa. Da ita ake shafe ɗaki, ita ake shafa wa mai ƙarambau, masu ciki ma kan ɗan tsotsa a ɓoye. Washegari ta sayo ta wurin 'yan koli, ta jiƙa kowacce a tasa daban. Ta Uchechi ta narke sumul kamar kamu. Ta 'yan koli kuwa ta bar yashi a ƙasan tasa, da ta shafa a bayan hannu sai wurin ya bushe ya yi furu-furu. Ta zauna tana kallon tasoshin biyu. Duka farare ne, duka ƙasa ce, to me ya raba su?

Mijinta Halilu mai haƙar rijiya ne. A shekarun nan aiki ya yi masa yawa, domin kowa gini yake yi a bayan gari, ruwan famfo kuwa bai kai can ba. Da ya dawo bayan la'asar ta ajiye masa abinci, ta ajiye tasoshin a gefe ta yi masa tambayar. Ya murza kowacce a yatsa, ya ce ai ƙasa ba ɗaya ba ce, hawa-hawa take. Akwai ta sama baƙa, akwai ja, akwai marmara mai cinye bakin diga, akwai yumɓu kala-kala kafin a kai ga yashin ruwa, kuma abin da ka samu a Fagge ba lalle ka same shi a Kurna ba. Ya yi ta bayani har tuwo ya huce. Asama'u ta lura cewa tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa tambayarsa abin da ke cikin rijiya ba, shi ma bai taɓa tsammanin tana son ji ba. Ta roƙe shi duk inda ya haƙa ya ɗebo mata 'yar kaɗan.

Ta farko da ya kawo ja ce mai danƙo, kyakkyawa a ido. Asama'u ba ta tsaya gwaji ba. Ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa, ta tsefe kanta ta lafta masa tun daga goshi har ƙeya. Ko wanke hannu ba ta gama yi ba wata maƙwabciya ta yi sallama tana son kitson suna, wai gobe ne taron. Asama'u ta ɗaura tsumma a ka ta zauna aiki. Kafin ta gama, kanta ya ƙame kamar tubali. Bokiti uku ta ƙarar tana dirzawa, ruwa na gangara ja wur har bakin rariya, da ta sa mataji kuwa gashi ya yi ta karyewa yana zuba a cinyarta. Wurin sunan da ɗankwali biyu ta je, ta ƙi yarda kowa ya zauna a bayanta.

Da Uchechi ta ji labari sai da ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ba da haƙuri, ta ce laifinta ne da ba ta faɗa ba: ba a barin ƙasa ta bushe a kai, da danshinta ake wankewa, a bi da mai. Asama'u ta ji haushi na kwana biyu. A rana ta uku ta ɗauko gashin da ya karye, wanda ta ƙulle a takarda, ta ga ai ga abin gwaji nan ya samu. Na masu zuwa kitso ba ya taɓuwa, domin kowace takan tattare nata ta tafi da shi, amma wannan nata ne. Ta raba shi ƙananan ƙulli ta ɗaure da zare. Daga ranar, duk ƙasar da Halilu ya kawo sai ta fara shafa ta a cikin damtsenta, ta tsoma ƙulli ɗaya a ciki, ta wanke, ta shanya a kan faifai. Gwangwanayen madara suka jeru a gindin randa, kowanne da irin zaren da ta ɗaura masa don kada ta manta daga ina ya zo. Wata ƙasar takan sa ƙaiƙayi, wata ta mai da gashi kamar tsintsiya, wata kuma ba ta yin komai.

Ana cikin haka Halilu ya karɓi aiki a Rijiyar Lemo, a filin wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdulmuminu. Wata ranar Talata ya shigo da dunƙule a ƙunshe cikin hularsa, launin toka-toka mai ɗan haske. Ya ce a zurfin gaba bakwai ya same ta, kuma shi kansa sau biyu kawai ya taɓa ganin irinta. Tana da santsi har ƙafa ba ta kama ta, in ka wanke hannu bayan ka taɓa ta sai ka ji kamar ka yi da sabulu.

Asama'u ta jiƙa ta. Ta narke ba ko tsakuwa ɗaya. Damtsenta bai yi ƙaiƙayi ba, ƙullin gashin kuwa ya fito da laushi. Ta sake gwadawa da ruwan tsamiya maimakon ruwan randa, sai kwaɓin ya ƙara sulɓi. Ta gwada da ɗan karkashi, mataji ya wuce ba gardama. A nan ta kasa zama. Ta nemi izinin Halilu, ta yafa mayafi ta nufi Sabon Gari da gwangwani a hannu.

A bayan shagon Uchechi suka yi aikin, keken ɗinki na gefe an rufe shi da zane. Uchechi ce ta kawo shawarar a yi gwajin a nata kan, a raba shi biyu, dama a sa ɗan guntun nzu da ya rage, hagu a sa ƙasar Halilu. Suka wanke da danshi, suka shafa man kaɗanya, sannan Uchechi ta leƙa ta kira maƙwabciyarta Edith, wata nas 'yar Zariya da ta taso daga aiki. Ba su gaya mata komai ba, suka ce ta taɓa ta faɗi ɓangaren da ya fi. Edith ta shafa nan, ta shafa can, ta sansana, ta ce ita dai ba ta ga bambanci ba, sai dai hagun ya fi saurin tajewa. Da suka nuna mata gwangwanin ta daɗe tana murza ƙasar. Ta ce ba ta san sunanta a littafi ba, amma ta san yumɓu na shan maiƙo. Sannan ta dubi Asama'u ta ce, "Yaya, abu ɗaya zan roƙe ki. Ki shanya ta sosai, ki ɗan gasa ta kafin ki daka. Kuma duk kan da ke da ciwo a buɗe, kada ki sa masa. Ki turo min ita asibiti."

Wadda ta fara yarda a cikin masu kitso ita ce Malama Rabi'atu, mai koyarwa a makarantar 'yan mata, wadda amosani ya hana ta sa baƙin mayafi. Ta ce ta gwada kwalba huɗu, ƙasa ba za ta fi su muni ba. Sau uku aka yi mata, sati-sati. Amosanin bai ɓace gaba ɗaya ba, amma ƙaiƙayin ya tsaya, ta daina sosa kai da bayan biro a gaban ɗalibai. Wata kuma da farin man nan ya ƙone wa ƙeya ta zo tana naci, Asama'u ta ƙi, ta kwatanta mata inda za ta sami Edith. Matar ta tafi da fushi, ba ta sake zuwa kitso ba sai bayan salla.

Kafin nan Halilu ya riga ya kai ga ruwa. Ya gaya wa Asama'u jibi za a zura zobban siminti, in an zura kuwa ƙasar nan ta rufu ke nan, kuma kaurinta duka bai wuce taƙi biyu ba. Ya yi wa Alhaji Abdulmuminu magana, Alhajin ya yi mamakin abin da mace za ta yi da laka, ya ce a kwashe duka in ana so. Asama'u ta ce, "Malam, ina so in gani da idona." Halilu ya ce ba abin gani sai rami da ƙura. Ta ce ramin take son gani.

Da hantsi suka sauka daga tasi ita da Uchechi. Fili ne fetal, ga tarin bulo, ga buhunan siminti an lulluɓe da tamfol, ga tsibin ƙasa kala-kala a bakin rijiyar. Asama'u ta durƙusa ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu da ɗan ƙyalli can ƙasa. Halilu ya tambaya ko akwai mai madubi. Uchechi ta ciro na jakarta, ya tara shi ga rana ya karkata, haske ya faɗa cikin ramin yana sauka a hankali. Ga baƙar ƙasa, ga ja mai kauri wadda Asama'u ta gane nan take, ga marmara da sawun diga a jikinta, ga wata ruwan ɗorawa da bai taɓa kawo mata ba. Can ƙasa sosai ya tsai da hasken a kan wani siririn layi mai launin toka da ya zagaye rijiyar.

"Ita ke nan?" in ji Asama'u.

"Ita ke nan."

Ta daɗe a durƙushe har Uchechi ta riƙe mata gefen mayafi. Ta tambayi Halilu ko layin nan yana ci gaba ta ƙarƙashin filin, ya ce mai yiwuwa ya kai har ƙarƙashin titi, mai yiwuwa kuma ya ƙare a taku goma, ba mai sani sai an haƙa. Sannan ya ɗaura igiya ya sauka, abokin aikinsa na janyo guga. Kafin azahar suka cika buhu biyu da rabi.

Direban tasi ya ƙi ɗaukar buhunan, wai za su ɓata masa sabuwar mota, sai da aka nemo mai amalanke. Matan suka bi shi a ƙafa har bakin titi suna gardamar ko rana ta fi dacewa da shanya ko inuwa. A ƙullin gefen zanen Asama'u akwai ɗan dunƙulen ƙasar nan ruwan ɗorawa, wanda ta sa Halilu ya ɓantaro mata a kan hanyarsa ta hawowa.