Ranar da Allon Yaya Ya Juya

Wayar Yaya doka ɗaya gare ta: allo ba ya juyawa. Yaya ba ta gani, muryar waya ce ke karanta mata abin da yatsanta ya taɓa. Mijinta ne ya kulle mata allon a tsaye, don in ya kwanta a gicciye komai sai ya bar mazauninsa. Da Allah ya yi masa rasuwa, abin da ya rage mata na muryarsa saƙo ne guda: "Ina hanya. Kada ki jira ni, ki ci abincinki."

Kullum da hutun rana, a ɗakin wankin otal inda take ninke zannuwan gado, takan zauna kan buhun tawul ta saurare shi. Yatsanta ya haddace wurin, har ta daina jiran a karanta mata.

Ran nan da safe ƙanenta Auta ya ari wayar. Ƙato da gemu, wai tasa ba caji, ga ƙwallon jiya bai gani ba. Ya cire makullin don hoto ya yi masa faɗi, ya mayar mata bai ce uffan ba. Halin mai ido ke nan, ya taɓa ya wuce, wani ya kwashi ɓarnar.

Da hutun rana ya yi, injinan wanki na ta ruri. Yaya ta jingina da bango, wayar ta karkace a hannunta, allon ya juya. Muryar ta faɗi wani abu, ƙara ta haɗiye shi. Ta taɓa inda ta saba, ta buga sau biyu. Shiru. Ta sake bugawa, sannan ta manna wayar a kunne.

"An goge saƙo," in ji muryar, ko a jikinta.

Ta tashi ta ƙarasa ninkinta, don zannuwa ba su san an yi mutuwa ba.

Da yamma ta tarar da Auta a falo.

"Auta, kai ka buɗe mini juyawar allo?"

"Au, wannan? Kawo." Ya ja, ya danna. "Ga shi, na gyara. Ke ma Yaya da ɗaukar zafi, abin da bai kai ya kawo ba."

"Saƙona ya goge."

"To ki ce wa mai shi ya sake turowa mana."

Ta karɓi wayarta, allo a tsaye cas, kamar yadda marigayi ya bar shi. Ta jawo kwanonta ta ci abincinta. Ba ta jira kowa ba.