Rigar Alƙali

"Ƙara rage ta," in ji shi, yana dafe da bakin teburina.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba shagona da gidansa. A alƙali yake fitowa a wasan talabijin da ake nunawa duk mako, shi ya sa kowa Alƙali yake ce masa, har matarsa. Ni tela ne, kuma baƙar rigar da yake sawa a wasan ce ya sake kawo min.

Na zagaya tef a ƙirjinsa, ƙashi kawai na ji. Na ce wannan ramar ta wuce ta gajiya, ya kamata ya ga likita. Ya ce ya gani. 

Ba ciwon yake tsoro ba, darakta yake tsoro. In ya lura rigar tana yawo a jikinsa, zai ba wani kujerar, alhali saura kaɗan a ɗauki fitowar ƙarshe, inda zai yanke hukuncin da masu kallo suka daɗe suna jira.

"Maƙwabci, ka rufa min asiri. Bari in yanke hukuncin nan da bakina."

Haka muka yi ta yi. Ina ragewa, ina cusa soso a kafaɗu, shi kuma ya fita yana takun ƙasaita kamar ba shi ba. Da motar 'yan fim ta sauke shi ta juya, sai ya bi bango. Tarinsa ta katanga nake ji, har yana danne ƙarar kekena.

Wata safiya ban ji tarin ba. Na tsayar da keken ina saurare. Can sai kukan matarsa.

Bayan kwana biyu darakta ya shigo da rigar a kafaɗa, wani ƙato mai tumbi na biye da shi. Darakta ya yi min ta'aziyya, sannan ya tambaya ko rigar za ta buɗu. Raina ya ɓaci, amma na ce za ta buɗu. Ban taɓa yanke yadin ba, ciki nake naɗe shi, da sa ran Alƙali zai murmure.

Na sa reza. In na warware layi ɗaya, sai wani ya bayyana a bayansa. Ƙaton yana tsaye a gabana, ya ware hannuwa yana jiran awo.